Makoki a Ɗakin 'Yar Rasha

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, mutum ne mai hankali a komai in ban da abu ɗaya. Yana salla a kan lokaci, yana riƙe da iyalinsa, a asibitin da yake aikin gwajin jini ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Amma da ya dawo gida ya ci abinci, sai ya miƙe ƙafa gaban talabijin yana kallon yaƙin Jamus da Rasha. Tsohon yaƙi ne, na tun kafin a haife ni, hotonsa ma babu launi. Mutane na gudu cikin ƙanƙara, gidaje na cin wuta, wani Bature na bayani da murya mai sanyi kamar mai karanta farashin hatsi. Yau wannan, gobe wannan, jibi ma wannan. Na tambaye shi ko yaƙin bai ƙare ba ne, ya ce ya ƙare tuntuni. Na ce to wa ya ci? Ya ce Rasha da abokanta. Na ce tunda ka san wanda ya ci, me kake jira ka gani?

Da kallon kaɗai ne da na haƙura. Har da tankokin yaƙi yake saye, 'yan ƙanana na roba, a cikin kwali, gutsattsari. Ya baje su a kan teburin cin abinci, ya manna da gam mai warin da ke hawa kai, ya shafa musu fenti da buroshi siriri kamar tsinken tsintsiya. In ya gama kuma sai ya shafa musu laka ta ƙarya a ƙafafu, wai don su yi kama da waɗanda suka sha hanya. Mutum da furfura a gemunsa. Matarsa ta gaji da magana, ta bar masa teburin, muka koma cin abinci a ƙasa. Wannan kam bai dame ni ba, dama can a ƙasa na saba.

Wata rana ya tuna cewa babana tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa. Ya zo ya zauna kusa da ni idonsa na ƙyalli, ya ce ai yaƙin duk ɗaya ne, reshe ne kawai daban. Ya hau ni da tambaya, wace runduna, wace shekara, wace irin bindiga. Na ce masa ni abin da na sani, Baba ya dawo da bargo mai kauri da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. In maharba suka harba bindigar toka a wajen biki, sai ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa, mu kuma mun san ba a bin sa. Bai taɓa ba mu labari ba, ba mu taɓa tambaya ba. Yaron nan ya dube ni kamar na zubar masa da dukiya a kogi. Ya ce an yi asarar tarihi.

To, wannan ke nan.

An kawo ni New York ne renon jika. Ana nan ana nan, jikan ya yi ƙafa, ya yi baki, aka sa shi makaranta tare da yayyensa. Da safe kowa ya fice, uban ya fice, uwar ta tafi asibitinta, ita nas ce, ni kaɗai a bene hawa na huɗu a can ƙasan unguwar Flatbush. Ba na jin Turanci sai gaisuwa. Ba zaure, ba tsakar gida, ba mai leƙowa ya ce a ba shi aron turmi. Ka leƙa taga ka ga motoci, ka dawo ka ga bango. Har magana na fara yi da tukunya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar Rasha, gajera, mai farin gashi, ta girme ni nesa. Ita kaɗai take zaune. Na gan ta rannan a bakin lif tana fama da leda biyu, na karɓar mata ɗaya. Da yamma na zuba tuwon shinkafa da miyar taushe a langa na kai mata, don maƙwabci ba ya jin ƙanshin girkinka ya kwana bai ɗanɗana ba. Washegari langar ta dawo cike da wata miya ja wur kamar zoɓo. Ban iya shan ta ba, matar ɗana ce ta shanye. Amma daga ranar ƙofarta ta buɗe mini.

Kullum bayan azahar sai na ɗauki carbina na tsallaka. Ta dafa shayi, ta yanka baƙin burodi mai tsami, ta zauna tana saƙa, ni ina jan carbi. Tana ta yarenta, ina ta Hausata. In ta yi dariya in yi, in na yi tsaki ta girgiza kai. Na ba ta labarin duk wanda ya ɓata mini rai a duniya, har da matar ɗana, ba ta taɓa kai wa kowa ba. Abu ɗaya na lura da shi, in mun gama cin burodi sai ta share ɓurɓushin tebur da gefen hannu, ta tara a tafinta, ta zuba a baki. Ko ƙwaya ba ta bari ta faɗi. Na ce a raina wannan an yi mata tarbiyya.

Zaman nan shi ne abin da nake da shi a ƙasar nan. Shi ya hana ni matsa wa yaron nan ya saya mini tikitin komawa gida.

Ana nan, wata rana cikin watan Mayu, sanyi ya ja baya, na tsallaka kamar kullum. Na tarar ta sa baƙar riga mai kyau, ta gyara gashi. A kan tebur ga hoton da ban taɓa gani ba, wani saurayi da kakin soja, kunnuwansa manya, an ɗaura wa hoton baƙin ƙyalle a kusurwa. Ga jajayen furanni. Ga ɗan kofin gilashi a gabansa an rufe bakinsa da yankan burodi. Ita kuwa tana zaune hawaye na bin fuskarta, ba ta ma sharewa. Ta nuna mini hoton, ta dafa ƙirjinta.

Na ji yaron nan yana cewa har yanzu ana faɗa a can ƙasashensu. Ga soja, ga baƙin ƙyalle, ga kuka. Wane mai hankali ne zai tsaya neman ƙarin bayani? Na ce jikanta ne aka kashe, labari ya iso mata yau. Na yi salati, na riƙe hannunta. Na dubi ɗakin, ba kowa. Na saurari baranda, ba takun kowa. Wayarta ma ba ta yi ƙara ba. A nan raina ya ɓaci. Wace irin ƙasa ce wannan, a yi wa tsohuwa mutuwa, ta zauna ita da kofi?

Na koma ɗaki na ɗauki wayata. Lambobin da aka sa mini a ciki na san su da hoton fuska. Na kira mai kitso, wata 'yar Zangon Kumasi da ke da shago a kusa da mu, na ce an yi wa maƙwabciyata rasuwa, ba ta da kowa. Na kira matar limamin masallacinmu. Na kira wata nas Kirista 'yar wajen Jos, ƙawar matar ɗana, da ke hutu ranar. Kowace na ce ta faɗa wa wata. Sannan na kira shi uban gayyar, ɗan nawa, na ce in ya tashi aiki kada ya tsaya ko'ina, ana bukatar namiji. Akwai ƙullin waina da na kwaɓa tun safe don yara, na ɗora tanda na soye shi duka.

Kafin la'asar ɗakin tsohuwar ya cika. Wasu har daga unguwar Bronx mai nisa suka hawo jirgin ƙasa, da kulolin shinkafa, da lemo, da cincin. Aka tuɓe takalma a bakin ƙofa, aka ture kujeru, aka zauna a ƙasa. Matar liman ta raɗa mini cewa ba a yi wa wanda ba Musulmi ba addu'ar mamaci. Na ce ban kira ki addu'a ba, haƙuri za ki ba mai rai. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce Allah ya ba da haƙuri, masu Turanci su faɗa da Turanci, sannan a nemi wuri a yi shiru. Haka ake yi. Ba a zuwa gidan makoki da tambaya.

Da farko tsohuwar ta tsorata, tana duban wannan tana duban waccan. Can sai ta fashe da kuka mai ƙarfi, ta rungume mai kitso, wadda ba ta taɓa gani ba. Daga nan ta tashi ta shiga kicin, ta fito da duk abin da ke cikin firjinta, kifi mai gishiri, kokwamba mai tsami, alewa, ta dafa shayi a tukunya mafi girma. Muna cewa ta zauna, mai makoki ba ya hidima, tana ture hannunmu. Ta ɗauki hoton tana bi da shi gaban kowa. Nas ɗin nan ta karɓa ta duba, ta matso kusa da ni ta ce, Mama, hoton nan fa tsoho ne ƙwarai. Na ce ta yi mini shiru. Mai kitso kuma ƙishirwa ta kama ta, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin da aka rufe da burodi, ta kai hanci, ta ajiye da sauri tana a'uziyya. Ashe ba ruwa ba ne.

Sai ga ɗana ya shigo, da rigar aikinsa. Ya durƙusa yadda na koya masa, ya yi gaisuwa da Turanci, tsohuwar na jin Turanci daidai gwargwado. Ya tambaye ta yaushe za a kawo gawa, ko akwai abin da za mu taimaka. Ta dube shi, ta yi magana mai ɗan tsawo. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya juyo gare ni.

"Inna, ba jikanta ba ne. Babanta ne."

"Wane irin babanta? Yaron nan na hoto?"

"A yaƙin Jamus aka kashe shi, tana 'yar ƙarama. Abin ya kai shekara tamanin. Yau ce ranar da suke tunawa da ƙarshen yaƙin, duk shekara haka take yi."

Mai kitso ce ta fara. Ta ce, "Hajiya, mun ɗan makara." Wata ta ce Allah ya sa dai ba a riga an binne shi ba. Wata ta ce ita ta bar kan mutum rabi a tsefe don mamacin da ya girmi kakanta. Suna toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Matar liman ta ce ko sadakar arba'in ɗinsa ma ta yi jika. Ni ban yi dariya ba. Na ce mutuwa ce ko ba mutuwa ba? Kuka ta yi ko ba ta yi ba? Suka ce ta yi. Na ce to a ci waina.

Kuma wallahi har nan babu abin da ya lalace. Da aka fassara wa tsohuwar abin da ya tara mu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sumbace ni a kumatu biyu. Ta sa yaron nan ya faɗa mana cewa tun da mijinta ya mutu, ita kaɗai take zama a wannan rana. Ta ce ba a taɓa ganin gawar uban ba, ba kabari, takarda kawai aka kawo wa uwarsu. Ta ce a yunwar lokacin ƙanenta ya mutu a goye. A nan na gane zancen ɓurɓushin burodi. Mata suka daina dariya, aka koma jinjina kai.

Da yaron nan ya tsaya a aikin tafinta da an tashi lafiya. Amma na ga idon nan nasa ya fara ƙyalli, irin na ranar da ya tambaye ni zancen Baba. Ya gyara zama. A ina aka kashe shi? Ta faɗi sunan wani gari. Wace shekara, da rani ko da sanyi? Ta faɗa. Na yi masa ido, bai gani ba. Na yi gyaran murya, bai ji ba. Sai ya miƙe zumbur ya ce yana zuwa. Na ɗauka ruwa zai kawo.

Ya dawo riƙe da tankar roba a tafin hannu biyu, kamar mai ɗauke da jariri ranar suna. Mai launin toka, da baƙin gicciye a gefenta, da lakar ƙaryar nan. Ya ajiye ta a kan tebur, kusa da hoton, kusa da kofin. Ya shiga bayani da Turanci, yana nuna bakin bindigar da ɗan yatsa. Daga baya nas ta faɗa mini abin da yake cewa, wai irin wannan ce Jamusawa suka shiga da ita garin a wannan shekarar, wai a duk yaƙin ba a ƙera wadda ta kai ta kyau ba.

Tsohuwar ta dubi tankar. Ta daɗe tana dubanta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dafa tebur ta tashi, ta taka zuwa ƙofa, ta buɗe ta, ta tsaya a gefe. Ba sai an fassara wa kowa wannan ba. Mata suka tattara kuloli, aka fita ana neman takalma. Ni ce ta ƙarshe. Na tsaya a gabanta, ba ta dube ni ba. Na fita, na ji ƙarar sakata.

A ɗakinmu ban jira ya ajiye abin ba.

"Kai yanzu da hankalinka?"

"Inna, tarihi ne fa. Na ɗauka za ta so ta ga..."

"Ta ga me? Abin da ya taka ubanta? Da wani ya zo makokin babanka da hoton motar da ta kaɗe shi yana yaba tayarta, me za ka yi masa?"

Ya ce bai yi tunani ba. Na ce shekara nawa kana kallon mutanen nan suna mutuwa kana cin gyaɗa, dole tunani ya gudu.

Ya yi nadama, ban hana masa wannan ba. Ya sayo furanni ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Ya ajiye a bakin ƙofa, suka bushe a nan har mai shara ya kwashe. Ya kwashe tankokinsa ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ni ma na ƙwanƙwasa, bayan azahar, kamar kullum. Ina jin motsinta a ciki, ina jin rediyonta, ba ta buɗe ba. Matar ɗana ta ce a ƙasar nan in mutum ya rufe ƙofa ƙyale shi ake yi, har 'yan sanda yana iya kira. Na koma zaman taga da tukunya.

Haushi kuwa ban san wanda zan fi ji ba. Na ji haushin yaron. Na ji haushin matan nan, da har yau in mun haɗu a suna sai wata ta tambaye ni ko akwai sabuwar rasuwa daga zamanin Annabi Nuhu. Na ji haushin ita kanta tsohuwar, don ni me na yi mata? Ni na ƙera tankar? Kuma na ji haushin al'adar tasu. Mu in an yi mutuwa a yi uku, a yi bakwai, a yi arba'in, a raba abin da za a raba, a bar mamaci da Ubangijinsa. Su kuwa duk shekara sai an tono, an sa riga, an zuba masa abin sha, an zauna an yi kuka sabo. Yaron nan ya ce a can ƙasarsu ma har fareti ake yi da makamai a ranar, su kuma Jamusawa sunayen waɗanda aka kashe suke kafawa a daɓen titi don kada su manta abin da kakanninsu suka aikata. Na ce duk sun fi ƙarfina. Amma da na zauna ni kaɗai sai na tuna Baba a bayan ƙofarsa, mu muna tsakar gida muna cin tuwon biki. Mun ce ba a bin sa. Wa ya ce ba a bin sa? Ban san wanda ya kafa dokar ba, na dai tashi na tarar da ita.

Rannan bayan azahar na ɗauki kujerar roba, na ɗauki tire da wake, na fita baranda na dasa kujerar a bakin ƙofarta. Ban ƙwanƙwasa ba. Na zauna ina tsince wake ina ba ƙofar labari da Hausa, yadda na saba ba mai ita. La'asar ta yi na tashi. Washegari na dawo da alayyafo. Masu wucewa suna raɓawa ta gefena suna kallona, ina gaishe su. Matar ɗana ta ce zan ja musu magana. Na ce maganar ta zo.

Ta kuwa zo. Mai kula da ginin, wani ƙato mai tarin makullai a ƙugu, ya hawo ya same ni. Ya nuna kujera, ya nuna matakala, yana ta faɗa da Turanci, na tsinci kalmar wuta a ciki. Wai in gobara ta tashi kujerata za ta tare hanya. Na ce masa da Hausa in gobara ta tashi ai da kujerata zan gudu. Ya ƙara ɗaga murya. Ya kama bayan kujerar yana jijjigawa, ina kai, wake na zuba a ƙasa.

Sai na ji sakata. Tsohuwar ta fito da rigar barci da silifas, gashinta a tsaye. Ba ta dube ni ba, shi ta nufa. Ta buɗe masa wuta da yarenta, tana kaɗa masa yatsa a ƙarƙashin haɓa, don iyakar inda tsawonta ya kai ke nan. Ƙaton nan ya saki kujera ya ja baya yana ɗaga hannuwa. Ta bi shi har bakin matakala. Da ta dawo sai ta ce mini wani abu a tsawace, ta yi nuni in tashi. Na tashi. Ta ja kujerar ƙiii ta shigar da ita ɗakinta, ta bar ƙofa a buɗe. Ni na tsaya na tsince waken da ya zube tukuna, sannan na shiga.

Ranar ba ta dafa shayi ba. Ta zauna ta ɗauki saƙarta tana ta mita, na san da ni take, ni ma na mayar mata da tawa. Sai da aka kwana biyu shayi ya dawo.

Ɗana kam har yau ba ta amsa gaisuwarsa. In sun haɗu a lif sai ta juya masa baya ta fuskanci bango, shi kuma ya sunkuyar da kai har su sauka. Ya roƙe ni in ba ta haƙuri a madadinsa. Na ce da wane yaren? Watan Mayu na ƙara matsowa, mai kitso ta aiko tambaya ko bana ma akwai zama, wai ta san ranar da za ta rufe shago. Na ce ta zo da cincin, ta bar bakinta a gida. Shi kuma na faɗa masa ya nemi aikin yini a asibiti ranar.